Yadda Ake Duba Hitar Wanka Kafin Ta Ɓallo Daga Bango

Hitar bango mai cin lita 100, idan ta cika, nauyinta kan kai kilo 130 ko kusa da haka: kilo 100 na ruwa, sauran na ƙarfen tankin. Buhun gero ke nan cikakke har da ƙari, a rataye bisa kusoshi biyu, daidai saman kan mai wanka, ruwan cikinta kuma da zafin digiri 60. A yawancin gidajen Maradi da ke da ita, tun ranar da mai aikin famfo ya karɓi kuɗinsa ba wanda ya sake ɗaga kai ya dubi kusoshin nan. Sai ɗari ya shigo a Disamba ake tunawa da ita a kunna. Fabrairu na ƙarewa a kashe, a bar ta cike da ruwa har baɗi.

Waɗanda suka fi kowa sanin yadda tankin ruwan zafi ke faɗuwa su ne mutanen ƙasashen da ake girgizar ƙasa, don haka bari mu fara da abin da suka gano. A jihar Kalifoniya ta Amurka, tun 1991 doka ta wajabta a ɗaure duk hitar da aka sa sabuwa ko aka canza, daga baya kuma aka ɗora wa mai sayar da gida ya ba da shaida a rubuce cewa tasa a ɗaure take. Hitarsu doguwa ce, a ƙasa take tsaye, tana cin lita 150 zuwa 190, da yawa kuma da gas suke aiki. In ƙasa ta motsa sai tankin ya yi tangaɗi ya kife, ya fizge bututun gas da na ruwa, gidan da bai rushe ba ya zo ya kama da wuta. An ga irin wannan a girgizar Loma Prieta ta 1989 da ta Northridge ta Janairun 1994.

Ƙa'idarsu ba ta da wuya. Ɗamarar ƙarfe biyu, ɗaya a kashi ɗaya cikin uku na saman tankin, ɗaya a kashi ɗaya cikin uku na ƙasansa, ta ƙasan ta zama aƙalla santimita 10 sama da makunnin gas. Kowace ɗamara a ɗaure ta da kusa mai kauri a jikin ginshiƙin da ke cikin bango. Bututun ruwa da na gas su zama masu lanƙwasuwa. Amma masu duba gida kafin a saya kullum abubuwa iri ɗaya suke tararwa: ɗamara ɗaya maimakon biyu, ko siririn ƙarfe mai ramuka wanda ke tsinkewa da fizga ɗaya, ko kusar da ta shiga allon shafe kawai ba ta taɓa ginshiƙi ba, ko ɗamara sako-sako da hannu ke wucewa ta bayanta, ko bawul ɗin tsaro, mai sakin ruwa in matsi ya yi yawa a tanki, da ba a sa masa bututun zubar da ruwa ba. Duka dai ɗauri ne da ke gamsar da ido alhali bai riƙe komai ba.

Maradi ba ta cikin yankunan girgizar ƙasa, alhamdu lillahi. Afirka ta Yamma ta taɓa ganin masu ƙarfi, a Akara ta Gana a 1939 da arewacin Gini a Disamban 1983, an kuma ji motsin ƙasa a unguwar Mpape ta Abuja a 2018, amma ba wannan ne abin da zai kayar da hita a unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo ta Maradi ba. Namu masu kayarwar a hankali suke aiki: bulon da aka yi wa rowar siminti, laimar banɗaki da ke cin kusa, ƙasar yashi da ke zaunawa bayan damina mai ƙarfi irin ta 2024 har bango ya tsage, da rugugin manyan motoci ga gidajen bakin titi. Sakamakon ɗaya ne da na can, shi ya sa duban ma ɗaya ne.

Kafin ka taɓa komai, kashe wutar hitar daga disjonktar, wato makunnin nan mai katse kuran da kansa, kada ka tsaya ga makunnin bango. Ka tanadi tocila, da abin awo, da sifana, da fensir, da tsani na gaskiya. Kada ka hau bokiti ko kujerar roba a kan jiƙaƙƙen daɓe.

Bango tukuna

A nan gizo ke saƙa, domin tayil yana ɓoye komai. Bango mai kyan gani na iya zama kankare, ko bulo toshe, ko bulo mai rami, ko ginin laka da aka shafe da siminti, kuma abin da kowannensu ke iya ɗauka daban ne. Auna kaurin bangon a bakin ƙofa ko taga. In ka cire shafen gefe biyu ka ga abin da ya rage bai wuce santimita 10 ba, bangon raba ɗaki ne, ba a rataya masa hitar da ta wuce ƴar ƙarama. Zagaya ɗaya gefen, inda ba tayil, ka ƙwanƙwasa da gindin sifana: kankare da bulo toshe amonsu gajere ne mai nauyi, bulo mai rami yana amsawa da ƙara. In akwai inda bulon ya fito fili, a bayan gida ko saman katanga, karce shi da kusa. Bulon da kusa ke tona wa rami yashi na zuba, ba ya riƙe robar bango, wadda ake cusawa a rami don ta kama kusa, komai tsawonta.

Ginin laka mai shafen siminti kuwa, ba a rataya masa hita ko kaɗan. Shafen ɓawo ne mai kaurin santimita 2 ko 3, bayansa ƙasa ce, ƙasar kuma tana shan laima daga banɗaki ta yi laushi ba tare da an gani ba. Ko kwana nawa hitar ta yi a wurin lafiya, a sauke ta.

Yanzu haska tocila ta gefe, tsakanin tanki da bango, ka dubi ƙarfen ratayar da kusoshinsa. Ƙarfen ya kamata ya manne da bango sarai. In akwai ɗan sarari tsakaninsu, ko kan kusa ya sunkuyo ƙasa, ko tayil ɗin da ke kewaye da kusar ya tsattsage, ko jan layin tsatsa ya gangaro daga ramin, ko ka ga garin yashi a kan bututu ko a ƙasa daidai wurin, to kusar ta fara fita. Auna tazarar tanki da bango a sama, ka auna a ƙasa. In ta sama ta fi yawa, hitar ta fara rusunawa gaba. Kada ka gwada ƙarfinta da jijjigawa ko rataya a jikinta, musamman kana tsaye a ƙarƙashinta.

Dalilin da ya sa kusoshin sama ne ke fara saki shi ne ba nauyi kaɗai suke ɗauka ba. Faɗin tankin lita 100 kusan santimita 45 ne, saboda haka tsakiyar nauyinsa tana nesa da bango da santimita 25 ko makamancin haka. Nauyin yana danna kusoshin ƙasa, yana kuma fizgo su waje. In tsakanin ƙarfen ratayar da inda gindin tankin ya jingina santimita 50 ne, fizgar wajen ta kai kilo 65, wato kowace kusa tana ɗauke da kilo 65 zuwa ƙasa da wasu kilo 30 da ɗoriya zuwa waje, dare da rana. Wannan ne ya sa littafin da ke zuwa da hitar kamfanin Ariston ya ce a yi amfani da ƙugiyar da za ta iya ɗaukar ninki uku na nauyin hitar a cike, mai kaurin milimita 12 ko fiye. Ga mai lita 100, kilo 390 ke nan. Ga mai lita 50, wadda ke kai kilo 70 a cike, kilo 210.

Abin da aka fi samu a bayan hita a gidajenmu bai kusanci wannan ba. Wani ya fafe rami ya cusa guntun katako ya buga kusa a ciki. Katako yana kumbura da laima, hunturu ya zo ya bushe ya tsuke, bayan shekara biyu ko uku yana yawo a cikin ramin, in ma gara ba ta riga ta cinye shi ba. Wani ya sa robar bango ta milimita 8, irin wadda ake rataya madubi da ita. Wani kuma kusarsa mai kauri ce amma gajera: santimita 6, wanda tayil da shafe suka cinye 3, sauran 3 suka tsaya a fatar bulo mai rami wadda ita kanta ba ta fi haka kauri ba. In za ka lissafa tsawon kusa, tayil da shafe ba sa cikin lissafi.

Gyaran ratayar

Ba a gyara hita tana cike. Bayan an kashe wuta, a bar ruwan ya huce ko a zubar da zafin ta famfo. Rufe ruwan sanyi mai shiga, buɗe famfon ruwan zafi don iska ta samu hanya, sannan ɗaga hannun bawul ɗin tsaro ruwan ya fita ta tiyo zuwa magudana. Yakan ɗauki lokaci, a yi haƙuri. Ko ba ruwa, tankin lita 100 na da kilo 25 zuwa 30, in ya tara farar ƙasa a ciki ya fi haka, saboda haka mutum biyu ne ke sauke shi.

A kankare ko bulo toshe mai kyau, kusar ƙarfe mai buɗewa a cikin rami, milimita 10 ko 12, wadda ta shiga santimita 8 zuwa 10 cikin ainihin ginin, ta wadatar. Ramin ya nisanci kusurwa da bakin taga da aƙalla santimita 10, a kuma busa ƙurar cikinsa kafin a sa kusa. Kada a sake amfani da tsohon ramin da ya riga ya faɗaɗa.

A bulo mai rami na santimita 15 ko 20, abin da muka fi amincewa da shi shi ne a huda bangon har ya ɓulla. A zura dogon ƙarfe mai zare na milimita 10 ko 12, a ɗaya gefen a sa farantin ƙarfe mai santimita 10 kowane gefe da kaurin milimita 5, ko falle ɗaya dogo da zai haɗa kusoshin biyu, a ɗaure da noti. Ta haka bangon gaba ɗaya ne ke ɗaukar fizgar, maimakon fatar bulo ɗaya. A ɗaure har ya kama sosai, amma kada a matse har bulon ya fara murƙushewa. Masu gida kan ƙi wannan don farantin zai fito a ɗakin kwana. Ana iya fafe shafen a nutsar da shi a sake shafewa, fenti ya rufe. Wanda duk da haka bai yarda ba, akwai mannin kusa mai haɗi biyu da ake matsawa cikin rami, amma a bulo mai rami dole a fara cusa ragar roba da ke tare shi, in ba haka ba cikin ramin bulon zai zube a banza. A bar shi ya kwana kafin a ɗora nauyi. Wajen huda tayil da bulo mai rami a kashe bugun injin hudawa, juyawa kawai, domin bugun na fasa fatar bulon ta ciki ya bar rami mai faɗin baki. Kuma a duba inda waya da bututu suka bi cikin bango kafin a huda. Ƙarfen da za a sa ya zama wanda ba ya tsatsa, ko a shafa masa fentin hana tsatsa.

In bangon laka ne ko siriri, nauyin ƙasa zai koma. Mai walda ya haɗa mazauni da ƙarfe mai kusurwa na milimita 40 ko 50, ƙafa huɗu, kowace da faranti a gindi da za a ɗaure a daɓen kankare, da ƙarfen gicciye a gefe don kada ya karkace. Saman kuma a ɗaure shi da bango duk da haka, domin hana kifewa. A bar sararin santimita 50 a ƙarƙashin tankin saboda ranar canza abin ɗumama ruwan.

Bututu ba maɗauri ba ne. Sau da yawa za ka tarar kusa ta saki tuntuni, bututun ƙarfe ne kaɗai ke tallafe da hitar, ranar da zarensa ya ci tsatsa komai ya zo ƙasa tare. Tsakanin hita da bututun bango a sa gajeren tiyo mai saƙar ƙarfe wanda aka yi don ruwan zafi, da ɗan sassauci, ba a miƙe tamau ba, ba kuma a murɗe ba. In bututun gidan na jan ƙarfe ne, a sa mahaɗin da ke raba shi da bakin tankin, domin ƙarfe biyu mabambanta in sun haɗu cikin ruwa ɗaya na cin ɗaya. Bututun PVC na ruwan sanyi ba ya zama a layin zafi.

Bawul ɗin tsaro

Faɗuwar hita na raunata mutum, fashewarta kuwa na iya ɗage rufi. Ƙaramin bawul ɗin nan da ke kan bututun ruwan sanyi, daidai gindin tanki, shi ne tsakaninka da hakan. Ruwa in ya yi zafi yana ƙaruwa, kusan lita 2 a cikin 100, kuma ba shi da hanyar komawa baya. Bawul ɗin yana buɗewa in matsi ya kai adadin da aka rubuta a jikinsa, galibi bar 7 ko 8 (bar ma'aunin matsi ne), ya ɗiga abin da ya ƙaru. Saboda haka ɗigar da yake yi lokacin da hita ke aiki alamar lafiya ce. Abin takaici, ita wannan ɗigar ce ke sa a kira yaro ya toshe bakin da ƙulli ko ya cire bawul ɗin ya haɗa kai tsaye, wai ya gyara yoyo.

Haɗa wannan da ɗaya aika-aikar da ake yi: na'urar daidaita zafi ta lalace, mai gyara ya tsallake ta ya haɗa waya kai tsaye da abin ɗumamawa, ya ce a riƙa kashewa da hannu. Ranar da aka manta, ruwan zai wuce digiri 100 a cikin rufaffen tanki. Da zarar ƙarfen ya tsage, wani ɓangare na ruwan ya koma tururi nan take, tururi kuma yana cin wuri fiye da ninki 1,600 na ruwan da ya fito daga gare shi. Duk hitar da ka tarar an toshe bawul ɗinta ko an tsallake na'urar zafinta, kada ta sake ganin wuta sai an canza su.

Dubansa da sauƙi. Tsakanin bawul da tanki kada a samu famfon rufewa ko ɗaya. A bakinsa a sa tiyo mai gangara zuwa magudana, buɗaɗɗen baki, inda ido ke gani. Sau ɗaya a wata ɗaga hannunsa na ɗan lokaci: ruwa ya fito da ƙarfi, ka saki ya tsaya. In bai fito ba, farar ƙasa ta toshe shi, sabo za a sa. In kuwa yana zuba ko hita na kashe, ko datti ya maƙale a ciki, ko matsin ruwan gidan ya yi yawa. Gidan da ke shan ruwa daga shato, wato tankin da aka ɗora a kan hasumiya, ba ya samun wannan, tunda tsayin mita 10 bar 1 kawai yake bayarwa, amma gidan da aka sa wa injin ƙara matsi yana iya samu. In matsin ya wuce bar 5, a sa abin rage matsi kafin hitar.

Sai wuta. Hita mai wat 1,500 a kan bolt 220 tana jan kusan amfiya 7 na tsawon awanni, don haka layinta daban: waya mai kaurin 2.5 mm², disjonktar na amfiya 16, ba soket ɗin da ake jona abu uku ba. Buɗe murfin ƙasa, wuta a kashe, ka duba ko wayar ƙasa mai launin kore da rawaya tana ɗaure a jikin tankin, ka kuma bi ta ka ga ko da gaske ta kai ga sandar ƙarfe da aka kafa a ƙasa. A busasshen yashi irin namu sandar ba ta aiki sosai, gara a kafa ta inda ƙasa ke da laima. Layin ya samu makatsin yoyon wuta na miliamfiya 30. In abin da aka rubuta a babban disjonktar na kusa da kontar, wato mitar wuta, miliamfiya 300 ne ko 500, wannan ba ya kare ran mutumin da ke tsaye cikin ruwa. Famfon da ke ɗan jan hannu in an taɓa shi sau da yawa sanarwa ce cewa abin ɗumamawa ya fashe yana zuba wuta cikin ruwa. A kashe nan take. Zafi kuma a tsayar da shi tsakanin digiri 55 da 60. Ƙasa da 50 ƙwayoyin cuta na hayayyafa a tankin, sama da 60 kuma fatar yaro ko tsoho na salewa cikin ƴan daƙiƙu.

Hitar rana da ke kan rufi ita ce ta fi kama da ta mutanen Kalifoniya, sai dai iska ce girgizarta. Mai lita 200 da ƙarafanta da bututun gilashinta tana kusan kilo 300. A dal, wato rufin kankare, take zama, daidai saman ginshiƙi ko bango, ba a kan kwano ba. Ɗora wa ƙafafunta bulo ba ɗauri ba ne. Guguwar farkon damina na shiga ƙarƙashin gilasan ta ɗaga ta. Kowace ƙafa a ɗaure ta da kusar ƙarfe, in ana tsoron yoyo a zuba ƴan dakalin kankare a kan dal ɗin a ɗaure a jikinsu. Tankin shato ma haka, mai lita 1,000 tan guda ne a cike, a wofi kuma iska na tafiya da shi: ɗamara biyu, sama da ƙasa, a jikin ƙarfen hasumiyar. Hitar gas kuwa, a waje ake kafa ta, ba cikin banɗaki ba, inda iska ke wucewa, domin hayaƙinta marar wari na kisa a rufaffen wuri. Tukunyar gas ta tsaya a tsaye da sarƙa a bango, a duba shekarar da aka buga a jikin tiyon, a gwada mahaɗai da kumfar sabulu, ba da ashana ba.

In an gama an mayar da hita, a cika ta kafin a ba ta wuta. Buɗe famfon zafi, buɗe ruwan sanyi, jira har ruwa ya fito santala ba tari ba iska. Abin ɗumamawa in ya kama a busasshen tanki yana ƙonewa cikin ɗan lokaci. Hitar da ta yi watanni ba a kunna ba, a bar ruwan ya zuba har tankin ya canza ruwa gaba ɗaya, a kai ta digiri 60 sau ɗaya kafin kowa ya yi wanka da ita. Daga nan ja layi da fensir a bango, daidai saman ƙarfen ratayar, ka rubuta tazarar tanki da bango a gefe. Duba layin bayan mako guda, ka sake dubawa a Oktoba bayan ruwa ya ɗauke. In ƙarfen ya sauka daga layin ko da milimita 2 ne, a zubar da ruwan a ranar, a kira mai aiki.